RA'AYINMU: Shin Fada Tansi Asara Ya Yi?

Ranar wata Lahadi, bayan an tashi daga sujada a ɗaya daga cikin ƙauyukan da nake kai wa ziyara, wani dattijo ya tare ni a ƙofar majami'a ya ce, "Malam Katikis, zo ka ji wata magana. 'Yata ta gama karatun jinya, yanzu ta ce ita gidan sistoci za ta shiga. Ba ma irin sistocin da muke gani a asibiti da makaranta ba, a'a, irin waɗanda ke kulle kansu suna ta addu'a. Buhun masara nawa na sayar a kan karatun yarinyar nan? Wannan ba asara ba ce?"

Ban ba shi amsa nan take ba, domin tambayar ba ta wasa ba ce, kuma ba shi kaɗai yake yin ta ba. Iyaye da dama suna yin ta a cikin ɗaki, wasu manyan majami'a ma suna yin ta a zuci ko da ba su furta ba. Saboda haka muka ga ya kamata wannan shafi ya fito ya faɗi inda ya tsaya. Kuma ba mu san wata hanya da ta fi dacewa ba, illa mu duba rayuwar wani ɗan ƙasarmu wanda aka yi wa irin wannan tambaya tun yana da rai, watau Mai Albarka Cyprian Michael Iwene Tansi.

Yawancin masu karatu sun san sunansa, sun ga hotonsa a kalanda, amma abin da aka fi ba da labari shi ne rabin rayuwarsa na farko. An haife shi a 1903 kusa da Aguleri, a Jihar Anambra ta yanzu, a gidan masu bin addinin gargajiya. Aka yi masa baftisma a 1912 da suna Michael. Ya yi aikin koyarwa har ya zama shugaban makaranta, sa'an nan ya shiga seminari na Igbariam a 1925. Bishop Charles Heerey ya naɗa shi firist a Onica ranar 19 ga Disamba, 1937. Ya yi aiki a Nnewi, da Dunukofia, da Akpu, da garinsu Aguleri. A ƙafa da keke ya riƙa zagaya ƙauyuka, yana sa hannu a aikin ginin majami'u tare da jama'a, yana zama sa'o'i masu yawa wajen jin furcin zunubi, ya kuma buɗe gidajen da ake shirya 'yan mata domin auren Kirista. Mutum ne mai tsanani, ga kansa da ga mutanensa, ba kowa ne ya ji daɗin hannunsa ba. Cikin yaran da ya yi wa baftisma akwai wani ɗan shekara tara a 1941, Francis Arinze, wanda ya zama Kadinal a 1985.

To, irin wannan Fada ne, yana da shekara 47, yana tsakiyar ƙarfinsa, ya bar kome a 1950 ya tafi Ingila ya shiga gidan sufaye na Mount Saint Bernard, a yankin Leicester. Gida ne na 'yan ƙungiyar da ake kira Trappist, wanda aka kafa a 1835. Bishop Heerey yana da burin a kafa irin wannan gida a Nijeriya, shi ya sa ya sake shi ya je ya koyi rayuwar ya dawo da ita. Ku tuna fa, a wancan lokaci firistoci 'yan ƙasa a yankin Onica ba su da yawa ko kaɗan. Duk wanda ya ce an cire babban ginshiƙi daga ɗakin da ake kan ginawa, ba za mu ce ya yi ƙarya ba.

Me ya je ya tarar? Wannan shi ne rabin labarin da ba a cika faɗa ba, kuma shi ne ya fi damun mu a nan.

A shekarun nan na 1950, sufayen Trappist sukan tashi ne wajen ƙarfe biyu na dare su shiga majami'a domin addu'ar tsaro. Daga nan har faɗuwar rana za su koma majami'a sau bakwai, kamar yadda Zabura 119:164 ta ambata, ban da Hadayar Misa. Cikin mako guda sai sun rera Zabura 150 gaba ɗaya, ran Lahadi kuma su sake farawa. Tsakanin addu'a da addu'a akwai aikin hannu, a gona ko a ɗakin girki ko wurin sana'a, da lokacin karanta Littafi Mai Tsarki a tsanake. Ba sa cin nama. A babban ɗaki ɗaya suke kwana. Ba a hira. In akwai bukata sai a yi alama da hannu. Bayan Babban Taron Batikan na Biyu (1962 zuwa 1965) an sassauta wasu daga cikin waɗannan dokoki, amma Fada Tansi bai ga wannan sassauci ba, tsohon tsarin ya bi daga farko har ƙarshe.

Mutumin da dubban jama'a ke tashi tsaye in ya shigo gari, shi ne ya koma ƙarshen layi. Dokar Waliyyi Benedikt, wadda gidan ke bi, ta ce matsayin mutum a cikin jama'a yana bin ranar da ya shigo ne, ba shekarunsa ko darajar gidansu ba. Ta kuma yi gargaɗi cewa idan firist ya nemi shiga kada a yi saurin karɓarsa, kuma kada ya sa rai za a ɗaga masa ƙafa saboda shi firist ne. Fada Tansi ya yi fiye da shekara biyu yana jira kafin a karɓe shi a matsayin ɗan koyo a 1952, ya ɗauki suna Cyprian, ya yi alkawarinsa na har abada ranar 8 ga Disamba, 1956. Aikin da aka ba shi shi ne hidima a ɗakin cin abinci da ɗinkin littattafai. Ga sanyin Ingila ga ɗan bakin kogin Anambra, ga abincin da bai saba da shi ba, ga ciwon ciki da ya yi ta fama da shi.

Burin da ya kai shi kuma bai cika a idonsa ba. Da lokaci ya yi, a 1963, sai aka kafa sabon gidan a Mbengwi kusa da Bamenda a ƙasar Kamaru, ba a Nijeriya ba. An zaɓe shi ya zama mai horar da 'yan koyo a can, amma rashin lafiya ya riga shi. Ya rasu a asibiti a Leicester ranar 20 ga Janairu, 1964. Bai sake taka ƙasar Nijeriya ba. Ƙasusuwansa ne aka dawo da su Onica a 1986.

In da ma'aunin kasuwa za a auna, dattijon nan nawa ya yi gaskiya. Shekara goma sha uku da rabi na shirya teburi da liƙa bangon littafi, a madadin majami'u nawa da makarantu nawa da zai iya ginawa a gida. Amma Ikkilisiya ba ta auna haka ba. Ranar 22 ga Maris, 1998, a Oba kusa da Onica, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya ɗaga shi zuwa matsayin Mai Albarka, ɗan Nijeriya na farko da ya kai nan. Ba a raba rayuwarsa biyu aka ce rabin farko ne mai tsarki, rabin biyu hutu ne ba. Dukanta aka duba.

Ra'ayinmu shi ne, ba asara ya yi ba. Amma ba ma so mu faɗi haka da arha, kamar yadda akan rufe bakin mutum da cewa "ai aikin Allah ne." Dalilinmu na farko yana cikin rayuwar Ubangijinmu da kansa. Wa'azinsa a fili bai wuce kimanin shekara uku ba. Sauran shekaru talatin ɗin fa? Luka 2:51 ya taƙaita yawancinsu a aya guda, cewa ya koma Nazarat yana yi wa iyayensa biyayya. Markus 6:3 ya nuna mutanen garinsu a matsayin masassaƙi suka san shi. In ɓoyayyar rayuwa ta aikin hannu da biyayya asara ce, to Mai Ceton duniya ya yi asarar kashi tara cikin goma na kwanakinsa. Babu Kiristan da zai yarda ya faɗi haka da bakinsa, amma da yawa daga cikinmu haka muke lissafi idan 'ya'yanmu ne.

Dalili na biyu ya fi kusa da mu, kuma a kansa za mu ɗan daɗe. Mutane suna tsammani mai shiga gidan sufaye gudun wahalar duniya yake yi. Wanda ya taɓa kwana uku a irin wannan gida ya san ba haka ba ne. Wahalar da ta fi kowace girma a duniya ita ce zama da mutane, Bahaushe ma ya ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Mu da ke waje muna da ƙofofin gudu. In matarka ta ɓata maka rai ka tafi dandali. In shugaban mawaƙa ya yi maka tsawa ka daina zuwa koyon waƙa. In Fada bai gamshe ka ba ka koma wata majami'a, yanzu ma har wata ɗarika. Sufi ba shi da ko ɗaya. Cikin alkawura uku da mabiyan Benedikt ke yi, ban da biyayya da sāke hali, akwai alkawarin zama daram, watau zai zauna a wannan gida da waɗannan mutane har mutuwa, sai fa in shugabanninsa ne suka aike shi. Ɗan'uwan da ke kuskuren murya a gefensa yau, shi ne zai tsaya a gefensa bayan shekara ashirin. Wanda ya taka shi da safe, shi zai miƙa masa kwano da rana.

Benedikt ya rubuta Dokarsa a Italiya a ƙarni na 6, babi 73, kuma duk wanda ya karanta zai yi mamakin yadda ba ta cika maganar wahayi da al'ajibai ba. Maganar cokali da fartanya ta fi yawa. Ta ce mai kula da rumbu ya ɗauki kayan aikin gida da daraja kamar tasoshin bagade. Ta ce kowa sai ya yi makonsa a ɗakin girki, in ya gama ya wanke kayan ya miƙa su cif ga na bayansa. Ta ce a karɓi baƙo kamar Almasihu ne ya zo, a sa kula da marar lafiya gaba da kome. Ta yi ta jan kunne a kan gunaguni fiye da yadda ta yi a kan manyan zunubai, domin marubucin ya san abin da ke rushe gida. Abin da ya fi taɓa ni kuwa shi ne umurnin da ya bayar cewa safe da yamma shugaban gida ya faɗi Addu'ar Ubangiji da ƙarfi kowa ya ji, saboda ƙayayuwan saɓani da kan tsiro tsakanin 'yan'uwa, don kowa ya ji kansa yana roƙon gafara gwargwadon yadda shi ma yake gafartawa. Sau biyu a rana! Mutumin nan bai yaudari kansa game da masu addu'a ba.

Ku kwatanta da mu. Wace majami'a ce a cikinmu ba ta da kujerun da aka saya da kuɗin godiyar kaka, yau suna jibge a bayan ɗaki ƙafafu a karye? Littattafan waƙa nawa suka yi ƙafa? Zumuntar mata nawa ce ta rabu biyu a kan kuɗin anko, har shekara ta zagayo ba a gaisawa, amma kowace Lahadi ana layi ɗaya zuwa karɓar Jibi? Mu katikis ma ba mu tsira ba. Mukan yi wa juna ƙyashi a kan wa aka ba babur, wa aka tura kwas. Idan akwai wasu 'yan mutane a cikin Ikkilisiya waɗanda suka ba da dukan ransu don su gwada ko zai yiwu a bi Bishara a ƙananan abubuwan nan, kullum, ba hutu, ba mafita, to ba su ne marasa amfani ba. Su ne suke riƙe mana da mudu. In babu su, kowa zai riƙa auna kansa da maƙwabcinsa ya ce ai na fi wane.

Ba muna cewa kowane gidan sufaye ko na sistoci aljanna ba ne. Harshe da haƙori ma sukan saɓa. Akwai shugabannin da suka mai da biyayya sanda, akwai waɗanda suka shiga don neman karatu ko tsira daga talauci, akwai waɗanda suka fito da rauni a zuciya. Shi ya sa Ikkilisiya ba ta gaggawa, kuma ya kamata iyaye su san wannan. Dokar Ikkilisiya ba ta yarda a karɓi ɗan koyo da bai cika shekara 17 ba. Zaman koyo ba ya kasa wata 12. Bayansa sai alkawari na ɗan lokaci, wanda ba ya kasa shekara 3, kafin a kai ga na har abada. A duk tsawon wannan lokaci ana gwada mai shiga, ita ma tana gwada gidan, kuma ƙofa a buɗe take. Wadda ta gane ba kiranta ba ne ta dawo gida, ba abin kunya ta yi ba. Mu ne muke mai da shi abin kunya da bakunanmu, har yarinya ta gwammace ta zauna cikin baƙin ciki da ta dawo a riƙa nuna ta. Wannan laifinmu ne, ba na gidan sistoci ba.

Ba kuma muna cewa Maryamu ta kori Marta daga gida ba. Arewacin ƙasar nan ba zai manta da sistocin Saint Louis da suka iso Kano a 1948 ba, ko sistocin Dominikan na Gusau, ko na Uwargidanmu ta Fatima a Jos, da makarantu da asibitocin da suka riƙe. Amma a nan ma akwai abin da ya kamata mu faɗa wa kanmu. Mun saba ɗaukar sista a matsayin ma'aikaciya mai arha. Ita ce shugabar makaranta, ita ce mai shirya bagade, ita ce mai koyar da katikisma, ita za a kira taron kwamiti da ƙarfe shida na yamma, daidai lokacin da 'yan'uwanta ke taruwa don addu'ar maraice. In ta ce tana da addu'a sai a ce sista ba ta da haɗin kai. Alhali addu'ar nan da cin abinci tare da zaman jama'a su ne ainihin abin da ta yi alkawari a kai. Makaranta da asibiti daga nan suke ɓuɓɓugowa. Wanda ya toshe idon rijiya kada ya yi kuka in guga ta fito da laka.

Kada kuma wani ya ce sun ɓuya ne a inda masifar ƙasa ba ta kai. A watan Oktoba na 2023 'yan bindiga sun shiga gidan sufayen Benedikt da ke Eruku a Jihar Kwara da dare, suka tafi da matasa uku, suka kashe ɗaya daga cikinsu wanda yake ɗan koyo. Gidajen nan yawanci a bayan gari suke, a cikin gonaki, babu mai gadi sai Allah. Abin da manomi ke tsoro su ma shi suke kwana da shi, bambancin kawai su sun yi alkawari ba za su tashi ba.

Game da burin Fada Tansi kuwa, ya cika, amma ba a lokacinsa ba kuma ba ta hannunsa ba. Gidan Awhum kusa da Inugu ya fara a 1970. Sufayen Benedikt daga Glenstal ta ƙasar Ailan sun zauna a Ewu ta Jihar Edo a 1979. A shekara ta 2000 gidan nan na Bamenda, wanda bai samu zuwa ba, ya aiko da sufaye suka kafa gida a Nsugbe, 'yar tafiya kaɗan daga Aguleri inda aka haife shi. Shekara 36 ke nan bayan rasuwarsa. Ba ma kawo wannan don mu ce ga riba ta fito a ƙarshe ba, domin ko da ba a kafa ko ɗaya ba, hukuncinmu a kan shekarunsa na Ingila ba zai sāke ba. Mun kawo shi ne don masu son lissafi su ga cewa ko lissafin ma ba a rufe shi a shekara goma.

Saura kukan dattijon nan, wanda bai kamata a share shi da wa'azi ba. Buhunan masararsa gaskiya ne. A ƙasar da babu fansho ga manomi, ɗiya mai aikin jinya ita ce rumbun tsufansa. Idan Ikkilisiya ta karɓi 'yarsa ta ce kyauta ce ga dukan jama'ar Allah, to dukan jama'ar Allah sun ci bashinsa. Muna yin biki ranar alkawari, a yanka saniya, a ɗinka anko, washegari kowa ya watse a bar tsoho da tsohuwa da ƙannen da ba a biya wa kuɗin makaranta ba. Wannan bai dace ba. Muna kira ga majalisun faris da su rubuta sunayen iyayen firistoci da sistoci da sufaye da ke cikinsu, a san halin da suke ciki, a sa su cikin kasafin taimako na shekara, matasa su fita gayya a gonarsu da damina. Ƙungiyar Vincent de Paul da Zumuntar Mata suna da hannun da za su yi wannan ba tare da jiran takarda daga dayosis ba.

Muna kuma roƙon iyayenmu Fadoci da 'yan kwamiti su nemi jadawalin addu'ar sistocin da ke aiki tare da su, su liƙa shi a ofis, su daina sa taro a kansa. Ikkilisiya ta keɓe ranar 2 ga Fabrairu domin masu rayuwar keɓewa tun 1997, da ranar 21 ga Nuwamba domin waɗanda ke zaman kulle suna addu'a. A majami'u da yawa ranakun nan sukan wuce ba wanda ya ambace su. Baikon Lahadi ɗaya da ke kusa da 21 ga Nuwamba, in aka aika da shi ga gidan kulle mafi kusa, zai sayi magani da hatsi na watanni. Mu katikis kuma, idan za mu ba yara labarin Fada Tansi ranar idinsa, 20 ga Janairu, kada mu tsaya a kan keke da ginin majami'a, mu kai su har ɗakin cin abinci na Mount Saint Bernard.

Na koma ƙauyen bayan mako uku. Ban ce wa dattijon ya yi murna ba. Na ce masa ya shirya mu je tare ya ga gidan da idonsa, ya zauna da shugabar, ya yi mata duk tambayar da ya yi mini, har da ta masara. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce sai an gama girbi, kuma ni zan biya kuɗin mota.